A ƙara wa bayanin magani maki a jarrabawar likitoci

Malam Edita,

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya a Kano. Nakan zauna a matsayin mara lafiya idan ana jarraba ɗaliban likitanci. Bana aka ce in zama mai tarin fuka. Yaran nan, tubarkalla, sun gano cutar nan take. Amma kaɗan ne suka gaya mini maganin na wata 6 ne, ko cewa rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, zai mayar da fitsarina ja. A asibiti na sha ganin waɗanda wannan jan ya firgita suka watsar da magani, tari ya dawo.

Roƙona ga malamansu: ɗalibin da bai sa majinyaci ya maimaita yadda zai sha magani ba, a rage masa maki.

Wata mai karatu, Kano