A Ja Hankalin Iyaye Kan Cutar Graves A Jikin Yara

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Don Allah ka ba ni fili na ja hankalin iyaye kan cutar Graves, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta dinga zuga tairod, wato wani ɗan sashen jiki da ke gaban wuya, yana fitar da sinadari fiye da ƙima, kuma ta fi kama ƴan mata masu tasowa.

Za ka ga yarinya tana cin abinci sosai amma sai ramewa take, ga gumi ko a sanyin hunturu, hannu na rawa har rubutunta ya lalace, zuciya na dukan uku-uku, ba barci, ga saurin fushi, wani lokaci idanu su firfito wuya ya kumbura, sai a gida a ce aljanu ne ko sammu, a makaranta kuma a ce iskanci ne a yi ta zane ta. Haba jama'a! Kuma fa ba irin maƙoƙon nan na rashin aidin ba ne da gishiri mai aidin ke karewa.

Gwajin jini na TSH da T4, wato sinadaran da ake aunawa a ga yadda tairod ke aiki, shi ke nuna cutar. Likitoci kan fara da wani magani mai suna carbimazole, yara sukan sha shekara 2 ko fiye, in ya ƙi sai a duba tiyata. Amma in mai shan maganin ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a garzaya asibiti ranar a auna jininsa, kar a tsaya kemis.

Taku,
Wata malamar sakandare, Zariya