Shirinku kan sankarar fata ya manta da tsofaffi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na lafiya na makon jiya a kan melanoma, wato wani nau'in sankarar fata, daga farko har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci matuƙa da yadda aka ƙarar da kusan dukkan lokacin a kan 'yan mata masu shanya jikinsu a rana, alhali waɗanda wannan cuta ta fi kamawa, ta kuma fi hallakawa, tsofaffi ne. Ban musanta cewa tana cikin nau'o'in sankarar da aka fi gani a jikin matasa ba, kuma gaskiya ne kafin shekara 50 mata sun fi maza kamuwa da ita. Amma daga nan sai lamarin ya juya, maza su shige gaba, kuma a Amurka matsakaicin shekarun waɗanda ake gano cutar a jikinsu ya kai wajen 66. Baƙonku bai ce uffan a kan wannan ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 73 lokacin da wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafar hagu, daf da dunduniya. Mun ɗauka kaushi ne, ma'aikacin lafiyar da ya fara dubawa kuwa cewa ya yi tsufa ne kawai, ya ba shi man shafawa. Sai da aka shafe fiye da shekara guda, tabon ya yaɗu, gefensa ya zama babu tsari, ya fara tsattsafo da jini yana ɓata masa safa, sannan aka yanki ɗan naman wurin aka kai gwaji. Likita ya ce kaurin ciwon ya haura milimita 4, kuma ya riga ya kai ga kaluluwar matsematsinsa. Shi ne ya gaya mana cewa da an kama shi tun bai kai milimita 1 ba, galibi tiyata kaɗai ta wadatar. Har yau wannan magana ba ta bar zuciyata ba.

Abin da na so in ji a shirinku ke nan: dalilin da ya sa ciwon tsoho yake isa gaban likita ya riga ya yi kauri ya fashe. Tsoho ba ya iya sunkuyawa ya duba tafin ƙafarsa, ganinsa ya ragu, fatarsa cike take da tabban tsufa da tawadar Allah, don haka sabon tabo ba ya jan hankalin kowa. Bugu da ƙari, irin wadda ta kama mahaifina, mai fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, ba a danganta ta da zafin rana, kuma ita ce aka fi samu ga baƙar fata. Duk dattijon da ya saurare ku zai tashi da tunanin cewa wannan cuta ba tasa ba ce.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne amsar da aka ba wadda ta kira tana tambaya game da kakarta, wai a irin waɗannan shekaru sai dai haƙuri. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter yana da shekara 90 a 2015 lokacin da aka gano melanoma ta kai hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa tiyata, aka gasa ciwon da hasken na'ura, aka ba shi maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, ya rayu har Disamban 2024, ya cika shekara 100. Ba kowa ne zai yi wannan dace ba, na sani, amma yawan shekaru kaɗai ba hujjar sallama mara lafiya ba ce.

Sannan ina roƙon ku gaya wa mai gabatar da shirin ya riƙa karanta lambar wayar a hankali. Sau biyu na ɗauko biro, kafin in rubuta rabinta talla ta shigo.

Naku,
Mai sauraronku na kullum