A Kai Ingantaccen Iri Ga Manoma Domin Yaƙar Tamowa

Ya mai girma Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana kan ɓoyayyiyar yunwa, wadda yaro zai ci ya ƙoshi amma jikinsa yana ƙarancin sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin A. Sau da yawa uwa ba ta farga sai ta ga ɗanta yana lalube da magariba saboda dundumi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat don ƙarancin jini.

Masana aikin gona sun daɗe suna haɗa irin shuka da wani, suna zaɓe shekara bayan shekara, har su samu wanda sinadarin ke cikin ƙwayarsa ko saiwarsa tun daga gona. Dankali mai launin ruwan lemo da aka yaɗa a Yuganda da Mozambik misali ne, kuma a 2016 aka ba masana huɗu Kyautar Abinci ta Duniya saboda wannan aiki. A 2013 ma Bangladash ta fitar da shinkafa mai zinki.

Abin da ya fi burge ni shi ne, talakan da ba ya iya sayen ƙwayoyin ƙarin sinadari kullum zai samu amfanin a cikin abin da ya saba ci. Sai dai mutane kan ƙi amfanin gona idan launinsa ya sauya, don haka ina kira ga gwamnatoci da malaman gona su kai wannan ingantaccen iri ƙauyuka kafin damina, su kuma zauna da iyaye mata su yi musu bayani.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum