A buɗe mana ɗakin gwaji ranar Asabar da Lahadi

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Na rubuto ne kan halin da mu ma'aikata masu karatun injiniya na ƙarshen mako muke ciki, don gaskiya ban taɓa jin an ɗauko maganarmu ba. Ni mai gyaran lantarki ne a wani kamfani a Sharaɗa nan Kano, shekara tara kenan, kuma yanzu ina HND ta injiniyan lantarki a wata kwalejin fasaha. Satin da nake aikin dare ina tashi ƙarfe 6 na safe ranar Asabar, in yi sallah in sha shayi wajen mai shayin bakin get, in tari adaidaita zuwa makaranta da kayan aikina a leda, lakca ƙarfe 8, wani lokacin har 5 na yamma muna aji, idona kamar an zuba barkono. Kuma mu a haka shekara uku muke yi a abin da ɗaliban safe ke gamawa a biyu.

Amma wallahi ban yi nadama ba. Na fi shekara biyar ina haɗa sta-delta, wato hanyar haɗa waya da ke tayar da inji a tsarin sta sannan ya koma tsarin delta, a injuna masu fes uku, masu aiki da layin wuta uku, hannuna ya iya, ko a duhu zan haɗa maka, sai dai in ka tambaye ni dalili sai in ce haka oga ya koya min. Ranar da malaminmu ya zana a allo ya nuna cewa in injin ya tashi a sta kowane kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, yana samun wajen bolt 240 maimakon 415 da yake samu a delta, wutar da yake ja ta koma kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa ba ya girgiza layi, sai da na ajiye biro na yi shiru. Da na koma aiki ranar Litinin na buɗe fanel ɗin na tsaya ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa.

To ga damuwar. Ɗakin gwaje-gwaje a rufe yake ranakun da muke zuwa, saboda masu kula da shi Litinin zuwa Juma'a suke aiki, mu kuma lokacin muna kamfani. Samista guda sau biyu kacal muka shiga, sauran duk a takarda aka ce mu rubuta rahoton gwajin da ba mu yi ba. Ni da sauƙi tunda kullum ina cikin waya da mita, amma a ajinmu akwai malamin firamare da wata baiwar Allah mai aikin banki, su a ina za su taɓa kayan? Kuɗin makaranta kuwa mun biya cif, har da na gwajin.

Mun san ba za mu je bautar ƙasa ba, takardar cirewa NYSC ke ba ɗaliban irin tsarinmu, wannan mun yarda. Mun san kuma COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, na yi wa mai HND rajista ne a matsayin teknolojis, matakin da bai kai na injiniya ba, sai ya ƙara PGD, wato babbar difloma ta gaba da HND, kafin ya nemi zama cikakken injiniya. Hanya ce doguwa, mun ɗaura ɗamara. Roƙona ga hukumar NBTE da ke kula da kwalejojin fasaha shi ne duk makarantar da za ta ɗauki ɗaliban ƙarshen mako a sa mata sharaɗin buɗe ɗakin gwaji a ranakun, a biya ma'aikatan alawus ɗinsu, ai su ma iyali gare su.

Masu kamfanoni kuma don Allah ku riƙa sassauta mana lokacin jarabawa. Bara sai da na biya abokin aikina da kuɗin aljihuna ya riƙe min dutin dare huɗu kafin na samu zama jarabawa, alhali ilimin nan injinan kamfanin zai koma wa. Jarabawarmu ta gaba saura sati uku, har yanzu takardar neman hutuna tana kan teburin manaja.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai gyaran lantarki,
Sharaɗa, Kano.