Abin da ruwan laka ke faɗa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin yaron? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka, na kuma lura ranka bai kwanta da allurar da aka yi masa a gadon baya aka ɗebi ruwan laka ba, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, wanda ake gwadawa don gano sanƙarau. Kwantar da hankalinka. Tun 1891 likitan Jamus Heinrich Quincke ya bayyana hanyar yin wannan aiki, kuma ɗan abin da aka ɗiba jiki ya mayar tun a ranar. Babban mutum yana ɗauke da kamar mililita 150 na ruwan, amma kullum jikinsa na samar da kusan 500.

Ruwan mai lafiya garai yake, kamar na sha. Sau da yawa a ɗakin gwaji nakan ɗaga kwalbar saitin fitila, in na ga ya gurɓace sai gabana ya faɗi tun kafin na'ura ta ce komai.

Ka tambaye ni me ya sa likita ya dage kan sukari. Sukarin da ke ruwan laka yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na wanda ke jini. Idan sanƙarau na bakteriya ne, sai ya faɗi, sau tari ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na na jini. Da ma ana cewa ƙwayoyin cutar ne ke cinye shi. Suna ci, amma fararen ƙwayoyin jini da suka taru yaƙi da kuma ƙwaƙwalwar da ke cikin wahala su ma suna ƙona shi, ga hanyar shigowarsa daga jini ta samu tangarɗa. Tokar wannan ƙuna ita ce sinadarin laktet, shi ya sa yake hauhawa, furotin ma ya biyo shi. Idan na bairas ne, yawanci sukarin yana nan daram, laktet ɗin ma bai cika tashi ba. Na tarin fuka kuwa shi ma yana kayar da sukari, kuma in aka ajiye kwalbar wani lokaci sai ka ga wani zare-zare ya taru a ciki kamar yanar gizo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a kawo ruwan ba a auna sukarin jini a lokacin ba. Mai ciwon suga sai lambar sukarin ruwan lakarsa ta fito kamar lafiya lau, alhali in an gwada da jininsa ta riga ta faɗi warwas.

Ka ce kun ba shi magani kafin ku je asibiti. Don Allah ka gaya wa likita sunansa da lokacin da ya sha, domin yana iya hana ƙwayar cutar tsirowa a gwaji, ya kuma rage amincin laktet ɗin. Ka turo min hoton takardar sakamakon, har da ta jini.

A gaida maman yara, a yi wa yaron sannu.

Naka har kullum.