Wa ya ɗinka rigar da ke jikin sarki?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Asabar a kan hotunan sarakunan Zazzau ya ɓata mini rai ƙwarai. Baƙon da kuka gayyato ya yi ta lissafa kuɗin alkyabba da na doki, yana nanata "ku dubi arzikin masarauta", har aka rufe shirin ko sau ɗaya bai ambaci maɗinki ba. Daga sama rigar ta faɗo?

Ni ɗan maɗinki ne a cikin birnin Zariya. Marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, aska takwas, wato adon gaban babbar riga, yake yi da hannu, zaune a zaure tun hantsi har duhu ya kore shi. Rigar tsamiya guda takan ci watanni. Kafin ta iso gare shi, wata ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, mai zane ya zana. In ta bar hannunsa kuma sai mabugi ya buga ta har ta yi sheƙi. Yatsun mahaifina duk sun yi kanta, kuma da girma ya zo ni nake zura masa zare a kafar allura, don idon ya tafi. Sai ga wani yau yana gaya mana kyan rigar alamar kuɗi ce kawai. Haba!

Mai ɗaukar hotonku ma ya taya shi. Duk hoton hawan sallah da aka nuna, sai ya matso kan fuskar sarki ya yanke dogari da mai laima. Mai figini kuwa, hannunsa kaɗai muka gani riƙe da gashin jimina. Badukun da ya yi kayan dokin ko labarinsa babu.

Ba sarauta nake suka ba, Allah ya ja zamanin Mai Martaba. Amma ko da kuka zo kan Sarki Aliyu Ɗan Sidi, naɗin rawaninsa kawai aka yaba. Ba a faɗi cewa Turawa ne suka ɗora shi a 1903 ba, su ne kuma suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja. Ashe wannan ba ya cikin maganar iko?

Ku aiko wakilinku cikin birni. Maza da mata na nan suna ɗinkin hannu har gobe, su za su gaya masa ladan da ake ba su.

Sannan don Allah ku rage ƙarar algaitar da kuke sawa ana tsakiyar hira. Rabin maganar ba ma ji, ga shi kun mayar da shirin daidai sallar isha'i.

Wassalam.
Mai kallonku daga Ƙofar Doka, Zariya