Wasiƙa zuwa ga Sanusi, Lami ba lafiya

Assalamu alaikum Sanusi,

Mutumina ya kake, ya Fatakwal, ya aiki, ya Maman Abba da yara? Mu nan Katsina alhamdulillahi, sanyi ya fara shigowa, hazo ya sauka har da safe da ƙyar kake hango saman Gobarau. Ka yi haƙuri da shirun da na yi kwana biyu, na ga kiranka ranar Juma'a ban samu na maido ba, kuma abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon murya shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuto maka.

Magenmu Lami ce ba lafiya, yau sati uku kenan. Na san za ka tuna ta tunda kai ka fara jin kukanta cikin kwata, daminar 2018, ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai shayi wajen Ƙofar Ƙwaya, kai ka cire hularka ka sa ta ciki tana karkarwa, kai kuma ka raɗa mata sunan saboda ranar Alhamis ce. Shi ya sa na ga bai kamata wani abu ya same ta ba ka sani ba.

Abin ya fara ne da ƙin cin abinci. Magen da in Maman Ummi na gyaran kifi sai an yi ta korarta, sai ga ta an ajiye mata kifin a gabanta ta sansana ta kau da kai, ta koma bayan randa ta kwanta yini guda. Ta yi amai sau biyu, gashinta ya tashi, ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta da yatsa. Kwana na huɗu na sa ta a kwali na hau Napep na kai ta asibitin dabbobi, na tarar da layin raguna da awaki da wasu shanu biyu a mota, ni kaɗai ne da mage, kowa sai ya leƙa kwalin. Likitan ya duba ta cikin gaggawa ya ce tsutsar ciki ce, ya yi mata allura ya ba ta maganin tsutsa. Ban ga laifinsa ba, aikinsu kullum shanu ne da tumaki da kaji, wanda ke kawo mage a wata bai fi a ƙirga ba. Amma dai ba abin da ya canza.

Daga nan aka kwatanta min wani likita mai zaman kansa da ke duba karnuka da maguna. Shi ne ya ɗaga leɓenta ya nuna min dasashinta ya yi fari fat, ya ɗebi jini ya auna, ya ce abin da suke ce ma PCV, ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, nata 17 ne, alhali mage mai lafiya wajen 30 zuwa 45 take. Wato jininta ya ƙare sosai. Na ce to mi ya shanye jinin? A nan ne fa maganar ta rarrabu Sanusi, har yau ba ta haɗu ba. Ya ce zai iya zama wata ƙwayar cuta ce da ake zaton ƙuma ke yaɗawa, tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini har su farfashe. Zai iya zama ƙoda, tunda shekararta bakwai, kuma ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera sabon jini, in ta gaza jini sai ya yi ta raguwa a hankali. Zai iya zama ta ci ɓeran da ya ci guba, don akwai irin maganin ɓeran da ke hana jini daskarewa, dabba ta yi ta zubar da jini ta ciki ba a gani. Ko kuma wata cutar bairos ta maguna mai karya garkuwar jiki, wadda abin gwajinta ba shi da shi a hannu sai an aiko daga wani gari.

Sai ya tambaye ni ko tana cin albasa ko tafarnuwa. Wallahi gabana ya faɗi, don ka san gidanmu, ragowar tuwo da miya ake zuba mata tun tana ƙarama, wace miya ce ba albasa? Ashe albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage. Ya ce ba lallai shi ne ba, amma tun ranar in na kwanta abin ke dawo min, ko da hannunmu muka yi ta ba ta abin da ke cutar da ita muna ganin kyautatawa ce. Abu ɗaya da na gode wa Allah, maƙwabcinmu ya ce a ɓallo rabin farasitamol a jiƙa a ɗura mata, Maman Ummi ta ce a'a sai likita ya gani. Likitan ya ce da mun ba ta da tuni an gama, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Don Allah ka gaya ma duk wanda ka sani yana da mage.

Yanzu dai ya ɗora ta kan wani maganin ƙwayoyin cuta, doksisaikilin, ya ce a gwada a gani ko na ƙumar ne, kuma duk sanda na ba ta sai na bi da ruwa a sirinji don in ƙwayar ta maƙale a maƙogwaro tana yi mata rauni. Ana yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fatar wuya. Abinci ma da sirinji nake ba ta, in dama naman kaza ya yi laushi, sau huɗu a rana, kafin asuba da bayan na dawo makaranta da la'asar da dare, saboda ya ce mage in ta jera kwanaki ba ci kitse na taruwa a hantarta, wata cutar ta hau kan wata. Satin da ya wuce cikin kunnenta ya fara yin ruwan ɗorawa kamar mai shawara, na ruga na kai ta, ya ce wannan ma fashewar jini na kawo shi, hanta ma na kawo shi. Kullum haka, kowace alama hanya biyu ko uku take nunawa.

Maganar kuɗi kuwa, daren jiya na zauna da biro na haɗa. Asibitin farko dubu huɗu, gwajin jini sau biyu dubu ashirin da huɗu, ƙarin ruwa sau biyar dubu ashirin da biyar, ga magani ga kaza ga kuɗin Napep zuwa da dawowa wanda ka san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ya haura dubu 70. Wato ya wuce mafi ƙarancin albashin da aka sa ma hannu a 2024, a kan mage, a gidan malamin firamare. Kwasar adashena ce, wadda na yi niyyar sayen buhun masara da ita yanzu da kaka kafin ta tashi.

Yaya Sale ya zo ya ga ina ɗura mata abinci, ya tambayi nawa na kashe, ban ɓoye masa ba. Ya yi shiru sannan ya ce Kabiru ka ji tsoron Allah, akwai gidaje a layin nan da ba su ɗora tukunya ba yau. Ban iya ce masa komi ba don gaskiya ya faɗa, na san gidajen, na san yaransu, wasu ma a ajina suke. Maganar ta tsaya min a rai fiye da kuɗin. Amma kuma Sanusi shekara bakwai tana gidan nan ɓera bai taɓa huda min buhu ba, sanda Ummi ta yi ƙyanda a ƙafarta take kwana, yanzu da ta kwanta ne zan ɗauke ta in kai bola in ajiye? Na yi ma liman maganar bayan isha'i, ya tuna min hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da wanda ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, amma ya ƙara da cewa haƙƙin iyalina na gaba, kada in ci bashi a kai. Na riƙe wannan, ban ci bashin kowa ba kuma ba zan ci ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rashin sanin mi ke damunta. Da za a ce min ƙoda ce ta tafi, ba gyara, wallahi zan haƙura in daina wahalar da ita da allura, in shimfiɗa mata tsumma kusa da murhu in ci gaba da ba ta ruwa har Allah Ya yi ikonSa. Da za a ce na ƙumar ne sati biyu ya rage ta tashi, ko wayata zan sayar in ƙarasa. Amma a tsakiya nake, in na tsaya ina tsoron na tsaya saura kaɗan, in na ci gaba ina tsoron abincin yara nake zubarwa kuma ita ma azaba kawai nake ƙara mata. Ummi kullum in ta dawo islamiyya bayan randa take fara zuwa, ta ce Baba yaushe za ta warke, sai dai in ce mata ta yi addu'a.

Likitan ya ce in ina so a san takamaimai sai dai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU da ke Zariya, can suna da ɗakin gwaji da na'urar hoton ciki. Ina ta juya abin. Ga kuɗin mota, ga wanda za a kashe a can, ga hanyar Malumfashi da Funtuwa da ka san halin da ake ciki, kuma ban tabbata za ta jure awannin nan cikin kwali ba a yadda take.

Ba kuɗi nake nema wurinka ba, kada ma ka fara. Na tuna ka ce min maƙwabcinka likitan dabbobi ne kuma karnuka da maguna ya fi dubawa a can. Zan turo maka hoton takardun gwajin biyu da sunan magungunan ta WhatsApp, don Allah ka nuna masa, ka ce ya faɗa min gaskiya ko mai ɗaci ce, in shi ne zai kai ta Zariya ko zai bar ta a gida. Ranar Alhamis za a sake auna jinin, in da hali ina so in ji ta bakinsa kafin nan.

Yau da safe dai ta lashi romo kaɗan da kanta, kamar cokali biyu, ta fito ta kwanta a rana bakin ƙofar kicin. Maman Ummi na gaishe da Maman Abba, ka shafa min kan yara.

Naka,
Kabiru